Kawu Isyaku, Tabarau da Layin Harbi

A wannan watan Kawu Isyaku ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa ina fasawa, domin ba zai yiwu in yi maganarsa ban ambaci bindiga ba, kuma na san yadda wannan kalma take sauka a kunnen mutanenmu na gida a yau. Cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda bindiga ta raba da gonakinsu, akwai waɗanda ta raba da 'yan uwansu. Saboda haka bari in fara da bayani. Bindigar da Kawu ya riƙe a nan Alƙahira ta iska ce, ta wasa, wadda ake harbin takarda da ita a cikin rufaffen zaure, a kulob mai izinin hukuma. Harsashinta da kaɗan ya fi ƙwayar dawa. Ba ta taɓa shiga gidansa ba, a ma'ajiyar kulob ake kulle ta, haka dokarsu take.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin ɗan sanda a ƙuruciya, a can ya koyi harbi, daga baya ya koma aikin ofis har aka turo shi ofishin jakadancinmu na nan. Da ya yi ritaya bai koma gida ba, saboda matarsa Hajiya Rabi tana ganin likita a nan, yara kuma suna tsakiyar karatu. Suka zauna a unguwar Dokki. Ni karatu ya kawo ni, ina zaune a unguwar Abbasiya da wasu ɗalibai, kuma kowace Juma'a bayan masallaci nakan shiga metro, jirgin ƙasa na cikin gari, in je in ci tuwon Hajiya. In an wanke hannu sai Kawu ya ce, "Shehi, yalla, tashi ka raka ni." Shehi yake kirana tun ranar da na fara jami'a, ban taɓa tantance ko yabo ne ko tsokana ba. Ban taɓa sha'awar harbi ba, har yau ban iya ba. Aikina shi ne in zauna a kujerun baya in riƙe masa hula da babbar riga.

Yammacin Juma'a na dattawa ne a wannan kulob. Akwai layin masu harbi a tsaye, kowa da gurbinsa, kowane gurbi da lambarsa a can saman takardar da zai harba. A gefe guda kuma akwai wani dogon tebur na waɗanda hannu ko ido ya fara gazawa, suna zaune, bindigoginsu ɗauke da madubin hangen nesa. Kawu yana kiran wurin teburin shayi, wai sun fi shan shayi a kan harbi. Mai horar da su, Kaftin Magdi, mutum ne mai fara'a in an fita waje, amma a cikin zaure ba ya wasa. Maƙwabcin Kawu a layi kuwa wani tsohon injiniya ne Kirista, Ustaz Girgis (a nan Ustaz girmamawa ce kawai), wanda bakinsa ba ya hutawa. Su duka Hagg Ishaq suke kiran Kawu, wato Alhaji Isyaku a bakin Misirawa.

Ba zan ce shi ne gwanin gwanaye ba, don ban ga ya ci wata babbar gasa ba, kuma ba na son in ƙara masa abin da bai yi ba. Abin da na gani da idona shi ne, in sabon mutum ya zo, Kaftin yakan nuna masa Kawu ya ce ya kalli tsayuwarsa. Shi kaɗai ne baƙar fata a layin, dogo, siriri, in ya ɗora kunci a gindin bindiga sai ka rantse an dasa shi ne. Ina zaune a baya da hularsa a cinyata, nakan ji kaina ya ɗan ƙara girma.

Wata Juma'a aka gama zagaye, aka jawo takardu. Ustaz Girgis ya duba tasa ya ga huda ta fi abin da ya harba. Ta Kawu kuwa ta gaza da ɗaya. Hudar da ta ƙaru a da'irar maki bakwai take, tsakiyar takarda kuwa maki goma ce.

"Allah ya saka da alheri, ya Hagg," in ji shi, yana ɗaga takardar sama. "Amma in za ka yi mini sadaka, ka ba ni goma mana. Bakwai ai ina da irinta da yawa."

Zauren ya ɗauki dariya. Kawu bai yi ba. Kaftin ma bai yi ba. Ya jawo shi gefe, kusa da inda nake zaune, ya miƙa hannu ya zare tabarau ɗin da ke fuskar Kawu ya jujjuya shi. Na karatu ne, irin wanda ake shimfiɗawa a tire a bakin tashar metro.

"Tun yaushe kake harbi da wannan?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Hagg. Wanda ba ya ganin lambarsa ba zan bar shi a layi ba. Yau takardar Girgis ce. Gobe ban san mene ne ba."

Ya ba shi zaɓi. Ko ya koma tebur a ɗora masa madubi, ko ya je ya gyara idonsa, a gwada shi a harbin ƙarshen wata. In ya kasa a ranar, tebur ne, babu sauran magana.

Sai da muka koma gida muka zauna a falo Kawu ya gaya mana yadda abin ya faro, kuma a nan ne na fara fahimtar wahalar mai harbi in shekaru sun ja. Irin bindigarsu tana da abin saiti biyu. Akwai 'yar huda a baya, dab da ido, akwai kuma ɗan zobe a can bakin bindiga. Mai harbi yana leƙawa ta hudar, ya sa baƙin ɗigon takarda a tsakiyar zoben, sannan ya taɓa kunama. Ƙa'idarsu, wadda ta saɓa wa tunanin irina, ita ce zoben za ka kalla, ba takardar ba. Zoben ya fito tar, ɗigon ya ɗan yi dishi-dishi, babu laifi. To, zoben ne ya fara ɓace wa Kawu. Ya ce sai ya zama kamar an shafa masa mai. Ya gwada tabarau ɗin karatunsa, zoben ya dawo, ya ji daɗi. Abin da bai kula ba shi ne, gilashin da ya kawo masa kusa ya tafi da nesa. Ɗigonsa da na maƙwabcinsa suka zama baƙin abu biyu marasa suna, lambar da ke samansu kuwa ta zama hayaƙi.

Hajiya ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To Alhaji, ka hau teburin nan mana ka huta. Ai su ma mutane ne."

"Hajiya, in na zauna yanzu ba zan sake tashi ba."

Na yi shekaru ina juya wannan magana. Ina jin ba girman kai ba ne, ko kuma ba shi kaɗai ba ne. Saboda wannan layin yake tashi da asuba ya yi tafiyar ƙafa a bakin kogi. Saboda shi ya rage sukari a shayi, abin da likita ya yi ta fama da shi a banza. Mutumin da ya bar aiki a ƙasar da ba tasa ba, ba ofis, ba majalisar ƙofar gida, ba gona, wuri ɗaya ya rage masa da ake kiran sunansa saboda abin da hannunsa ya iya. Shi ake shirin karɓewa a ƙarshen wata.

Muka fara da shagon gilashi na unguwa. Aka auna shi da kyau, aka yi masa mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu. Gilashi mai kyau, da shi ya yi ta karatun Alƙur'ani da tsallake titi har ƙarshen rayuwarsa. Amma a layi bai yi komai ba. Mai harbi in ya kwantar da kunci a bindiga kansa yana sunkuyawa, idonsa yana leƙawa ta kusurwar sama ta gefen hanci, wurin da mai yin gilashi bai taɓa zaton wani zai duba ta nan ba. Ta wannan kusurwa takarda ta fito fes, har yana ganin zanen da'irorinta, zoben kuwa ya narke. Harbinsa na atisaye ya warwatse kamar an watsa gero. Rabin watan ya tafi a haka.

Ni kuma hankalina ya tashi fiye da nasa, kamar yadda na saba. Na shiga intanet na yi ta karatu, na bugo takardu na kawo masa. Ya dubi tulin ya dube ni.

"Shehi, duk wannan karatun, faɗa mini shi a magana ɗaya."

Na ce, in dai na fahimta daidai, ido ba ya iya tsayawa a wuri uku lokaci guda. Na yaro yana tsalle tsakanin zobe da takarda da sauri har yaron ya ɗauka duka yake gani. Na dattijo ya daina tsallen. Saboda haka ba gilashin karatu yake bukata ba, ba kuma na nesa ba, wani ne na uku, wanda aka yi daidai da tsawon bindigarsa.

"To wa ke yin irinsa?"

Na ce wannan ne ban sani ba.

Ustaz Girgis ne ya sani. Mutumin da ya jawo masa dariya a zaure shi ne ya bugo waya da kansa, ya ce matarsa tana da 'yar ɗan'uwa likitar ido a Abbasiya, Dakta Nahla, kuma in Hagg ya koma tebur shi wa zai riƙa tsokana. Muka je. Ta auna idon, ta saurari bayanin Kawu, ta ce ita ba ta taɓa yi wa mai harbi gilashi ba, amma ta yi wa masu ɗinki da masu kiɗa, kuma tambayarta gare su duka ɗaya ce: abin da kake son gani, nawa ne nisansa da idonka? Kawu ya miƙa hannu ya ce kamar haka da ɗan ƙari. Ta ce ɗan ƙari ba ya aunuwa, ya kawo bindigar. Ya ce bindiga ba ta fita daga kulob. Ta ce ita ma na'urorinta ba sa fita daga asibiti. Suka dubi juna.

Abin da Kawu ya yi shi ne abin da har yau iyalinsa ke ba jikoki labari. Ya je kulob da zare, ya ɗora kunci a bindiga, Kaftin ya auna masa daga idonsa zuwa zoben, aka ƙulla zaren a daidai wurin. Zoben ɗan ƙaramin abu ne da ake iya cirewa, Kaftin ya yarda ya tafi da shi a aljihu. Da ya dawo gida ya zare sandar abin goge ƙasa na Hajiya, ya yanke ta da zarto, ya ɗaure zoben a bakinta da salatif.

"Alhaji, sabuwa ce fa!" in ji Hajiya daga kicin.

"Zan sayo miki wata."

"Haka ka ce a kan almakashina."

Washegari muka shiga metro da sanda. Wani saurayi ya ga dattijo riƙe da sanda ya miƙe da ladabi ya ba shi kujera. Kawu ya yi godiya ya ƙi zama, ya tsaya ƙyam har Abbasiya, yana gunaguni da Hausa cewa yau kowa so yake ya zaunar da shi. A asibiti mai karɓar baƙi ta bi sandar da ido, ta bi ni da ido, ni kuma na shiga yi mata dogon bayanin da ba ta tambaya ba.

Dakta Nahla ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta kama aiki. Ta kai mu wani dogon baranda na asibitin, ta manna takarda mai baƙin ɗigo a bangon ƙarshe, ta rubuta lamba a samanta. Kawu ya gyara ƙafafu, ya ɗora sandar a kafaɗa, ya kwantar da kunci. Duk da sanda ce, tsayuwar ba ta canza ba, har masu jiran layi suka juyo suna kallo. Ta riƙa saka masa gilasai ɗaya bayan ɗaya.

"Zoben fa?"

"Tamam, ya fito tar. Amma ɗigon ya tafi."

Ta canza. "Yanzu?"

"Ɗigon ya dawo, zoben yana rawa."

Ta sake canzawa, ta sake. Can sai Kawu ya tsaya cak, bai motsa ba.

"Ya Hagg?"

"Dakta, kar ki taɓa. Shi ke nan."

Ƙari ne ɗan kaɗan a kan gilashinsa na nesa, bai kai rabin ƙarfin na karatu ba, in ban manta ba. Tun yana a tsaye a haka ta ɗauki alƙalami ta ɗiga alama a kan gilashin, daidai inda ƙwayar idonsa take leƙowa, ta ce nan za a sa tsakiyar gilashin, ba tsakiyar firam ba. Idon hagu kuma ta bar shi a kan nesa, don ya karanta lambarsa da shi kafin ya sunkuya. Da aka kawo tabarau ɗin, in ya sa shi yana tafiya sai jiri ya kwashe shi. Ba na tafiya ba ne. Na wuri ɗaya ne a duniya.

Sauran gyaran a jikin bindiga aka yi shi, shi da Kaftin. Suka sa zobe mai ɗan faɗi, don farin da ke kewaye da ɗigon ya ƙaru, ido ya samu abin kamawa. Hudar baya kuwa Kawu ya so ya matse ta, domin ƙaramar huda tana ƙara kaifin gani, sai suka ga in ta matsu da yawa duhu take kawowa, idon dattijo kuma haske yake nema. Suka tsaya a tsakiya. Ya gwada gilashi mai ruwan ɗorawa da wani ya ba shi aro, ya ce shi dai bai ga bambanci a cikin zaure ba, ya mayar. Ina faɗin waɗannan ne don na san akwai dattawan da ke wannan wasa, ko mafarauta masu lasisi, da za su ga kansu a ciki. Ni ba likita ba ne, kuma ido ya bambanta. Abin da zan iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne, ka gaya wa likita abin da kake son gani da nisansa da yadda kake riƙe kanka. Kada ka zaɓa da kanka a bakin titi.

Ranar gwaji Kaftin ya tsaya a bayansa, hannuwa a ƙirji. Ni ina baya na murɗe hular har ta canza kama. Kafin kowane harbi Kawu yakan ɗaga kai ya dubi lambarsa, leɓensa ya motsa, sannan ya sunkuya. Da aka jawo takardu, duk hudojinsa suna tasa, a cure wuri ɗaya, sun ɗan yi ƙasa da tsakiya. Ba shi ne na ɗaya ba a ranar. Kaftin ya duba takardar, ya ce a ɗaga saitin kaɗan, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ya Hagg. Gurbinka naka ne."

Ustaz Girgis ya leƙo yana karkaɗa tasa takardar. "Yau babu sadaka ke nan? Haka Musulmi suke, in sun samu lafiya sai su manta da maƙwabci."

A ranar Kawu ya yi dariya har da tari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abubuwa suke yanzu. Na leƙa kulob ɗin kwanan baya. An daina jawo takarda, allo ne yake nuna inda harbi ya sauka tun kafin mutum ya sauke bindiga. A ɓangaren nishaɗi samari suna amfani da wani saiti mai jan ɗigon haske, wanda aka ce yana sauƙaƙa wa mai raunin gani ƙwarai, tunda babu zoben da za a nema. Ina jin da farko zai kira shi wasan yara, bayan mako biyu kuma a same shi yana tambayar yadda yake aiki. Abin da nake ganin ba zai yafe ba shi ne yadda ake odar gilashi ta waya ba tare da kowa ya dubi idon mutum ba. Ni kaina na haura arba'in, na fara nesanta waya da fuskata in zan karanta saƙo. Rannan na tsaya a gaban mai tire a tashar da nake sauka in zan koma gida unguwar Ard al-Liwa, inda nake zaune yanzu, na ɗauki ɗaya na gwada, rubutu ya fito tar. Na daɗe riƙe da shi kafin in ajiye in nemi ganin likita.

Game da labaran da ke zuwa mana daga gida kuwa, na bindigogi a hannun waɗanda ba sa tambayar wane ne a gabansu, ba na son in sa masa magana a baki. Na dai san mutumin da ya kasa cin abinci saboda harsashinsa ya huda takardar da ba tasa ba.

Ya yi kusan shekara uku a layi da wannan tabarau, ana ɗan canza gilashin in ido ya motsa. Sannan yanar ido ta fara rufe masa idanu, a hankali, duka biyun. Dakta Nahla ta ce za a yi aiki in lokaci ya yi, amma sai an shawo kan hawan jininsa. Harbinsa bai lalace ba, jiki ya riga ya haddace aikin. Babu wanda ya lura da komai, har ni da nake zuwa kowace Juma'a.

Wata rana ana tsakiyar zagaye, ya sa harsashi, ya ɗaga kai ya dubi gaba kamar kullum. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya kwantar da bindigar a kan kantar da ke gabansa, bakinta yana kallon gaba, ya ja baya, ya ɗaga hannun dama sama. Kaftin ya taho da sauri, ya ɗauka bindigar ce ta samu matsala.

"Zo ka cire harsashin nan, ya Kaftin."

"Me ya faru? Harbinka duka lafiya lau."

"Ina ganin zoben. Lambar ce ba na gani."

"Ai ka san gurbinka, ya Hagg. Shekara nawa kana nan."

"Na san shi. Ban gan shi ba."

Ya cire tabarau ɗin ya naɗe, ya zo ya karɓi hularsa a hannuna ya sa, ya taka da ƙafarsa zuwa teburin da ya yi shekaru yana yi wa ba'a, ya ja kujera. Shi ya fara magana, ya ce a zubo masa shayi, kuma wani ya nuna masa yadda ake leƙa wannan madubin nasu.

A tebur ya ƙarasa sauran lokacinsa, kuma ya ji daɗinsa fiye da yadda ya zata. Madubin ya kawo masa lamba da ɗigo da saiti a wuri ɗaya. Ya ce aibinsa ɗaya, yana nuna wa mutum rawar hannunsa ƙiri-ƙiri, abin da zobe yake rufa wa asiri. Ya amsa a gabansu cewa ya zalunci teburin shayi da baki. Ba a kai ga yin aikin idon ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi bayan gajeruwar jinya.

Da ana tambayata me ya bari, da can zan fara da ranar gwaji, ranar da ya ƙwato gurbinsa. Har yanzu ina alfahari da ita. Amma da shekaru suka tafi na ga wannan rabin labarin ne. Mutane da yawa suna iya yin faɗa don kada a karɓe musu wuri. Kawu ya yi wannan faɗan ya ci, sannan ranar da ya ga sharaɗin ya kuɓuce masa, ba wanda ya sani sai shi, ya mayar da wurin da hannunsa.

A ziyarar da na ce na kai kwanan baya, Kaftin Magdi, wanda shi ma furfura ta gama masa kai, yana koya wa sababbin shiga dokokin zaure. Na ji yana ce musu in mutum ya yi shakkar komai, ko bindiga, ko takarda, ko idonsa, ya ajiye ya ɗaga hannun Hagg. Haka yake kiran abin, su ma haka suke kiransa. Da aka tashi na tambayi wata ɗalibar jami'a da ke haɗa kayanta ko ta san wane ne wannan Hagg ɗin. Ta ce gaskiya ba ta sani ba, ta ɗauka sunan dokar ne kawai. Na buɗe baki zan fara bayani, sai na ga tana sauri, kuma abin da ya kamata ta sani ta riga ta san shi. Na ce mata ɗan uwana ne, ya rasu. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta rataya jakarta ta fita.

Amin. Allah ya yalwata masa makwancinsa, ya cika shi da haske.